Itacen Da Ya Zama Dutse: Ganima Ko Amana?

Duk wanda ya taɓa bin ƙungiyarmu ta masu nazarin duwatsu da ma'adinai zuwa daji ya san murnar da kan ɓarke idan aka tsinci itacen da ya rikiɗa dutse. Ga ɓawo, ga zanen itace, sai ka rantse makamashi ne, amma ka ɗaga ka ji nauyi, ka goga shi a gilashi ya tsaga. Haka muka sha murna a fitarmu ta baya. Sai dai da muka komo, kowa da guntunsa a aljihu, wasu ma da buhu. Yau ga su nan a ɗakunan kwananmu, wani ana tokare ƙofa da shi, wani ana danne takarda. Wannan ne ya sa muka ɗauki alƙalami.

Bari mu tuna yadda abin ke samuwa. Bishiya ce ta faɗi, laka ko yashi ko tokar aman wuta ta binne ta da gaggawa, iska ba ta kai gare ta ba balle ta ruɓe. Ruwan ƙarƙashin ƙasa mai ɗauke da sinadarin silika ya dinga ratsa ta, yana cike ƙofofinta, har ta zama dutse ba tare da ta sake kama ba. Ja da rawayan da muke sha'awa kuwa, tsatsar ƙarfe ce. A shimfiɗar duwatsun Gundumi ta ƙasar Sakkwato akwai irinsa da ya haura shekara miliyan 70, haka kuma a yankin Tigidit kusa da Agadas. Shaida ne cewa inda muke kukan fari a yau, dā kurmi ne da koguna.

To, abin da ya ɗauki wannan zamani kafin ya samu, ya dace a kwashe shi a yini guda? Mu dubi Amurka. A jihar Arizona akwai gumagumai masu shekara fiye da miliyan 200, waɗanda aka yi ta jida, har da fasawa da nakiya, sai da Shugaba Theodore Roosevelt ya sa wurin ƙarƙashin kariya a 1906, ya zama gandun ƙasa a 1962. Masu sata kan mayar da abin da suka ɗauka ta gidan waya, da wasiƙar nadama. Amma ba a iya mayar da shi mazauninsa, domin ba wanda ya san inda aka ciro shi. Sai a jibge a gefe. Darasin ke nan: dutsen da aka raba da wurinsa ba tare da rubutu ba, an yanke masa harshe.

Wani zai ce, guntu ɗaya me zai rage? Yau da gobe ba ta bar komai ba. Aji bayan aji, mota bayan mota, wata rana ƙannenmu za su je su tarar da fili. Wani kuma zai ce ba a koyon ilmin duwatsu sai an taɓa. Gaskiya ne, ba mu ce a daina fita ba. Tsari muke nema.

Kafin a sa ƙafa, a nemi izinin mai gari, domin da ɗan gari akan ci gari, kuma ƙasarsu ce. Manyan gumagumai a bar su inda suke, a auna, a ɗauki hoto. Ƙungiya ta ɗauki 'yan guntaye kaɗan da sunanta, kowanne da lamba, da kwanan wata, da wurin da aka same shi, da irin ƙasar da ke kewaye da shi, a ajiye a sashen nazarin duwatsu inda kowa zai amfana. Saye da sayarwa kuwa, kada a fara.

Mu da muka riga muka ɗebo, mu ne ya kamata mu fara. Tun ba mu manta inda muka tsinta ba, kowa ya rubuta, ya kawo nasa. 'Yan'uwa ɗalibai, ba mu muka shuka wannan kurmi ba, kada ya ƙare a hannunmu.