Ana ta sabunta injinan hasashen ruwa a Turai da Amurka, mu 'yan kurmi ina rabonmu?

Hoton gajimaren nan da kake gani a wayarka, wanda ke cewa gobe za a yi ruwa a Agege ko a Sabon Badun, daga nesa lissafinsa yake zuwa. Galibin manhajojin waya suna ɗebo bayanansu ne daga 'yan tsirarun manyan injinan lissafin yanayi na duniya, kuma biyu sun fi suna: GFS na gwamnatin Amurka, da na cibiyar Turai ECMWF, mai hedkwata a Reading ta Ingila, wadda manyan kwamfutocinta ke Bologna a Italiya. Hukumomin yanayi na ƙasashe, har da NiMet tamu, su ma suna duba abin da waɗannan injina suka fitar kafin su yi nasu bayanin.

Injinan kuwa ba a barinsu haka nan. A watan Yunin 2023 cibiyar Turai ta matse ma'aunin tarin hasashenta daga kilomita 18 zuwa 9, wato ta ƙara wa injin kaifin gani. Ranar 25 ga Fabrairun 2025 ta fara aiki a hukumance da AIFS, mai amfani da ƙirƙirarriyar basira, wanda aka horar da bayanan yanayin shekaru masu yawa da suka wuce. A Oktoban 2025 kuma ta buɗe bayananta ga kowa. Duk labari ne mai daɗi. Amma ni abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda suke tsara sauyin, don a nan ne mu muke da rauni.

Ba a wayi gari kawai an kashe tsoho an kunna sabo ba. Sai an ɗauki lokaci ana gudanar da su biyun kafaɗa da kafaɗa, a mayar da sabon baya a gwada shi da guguwa da ruwan da aka riga aka san yadda suka kaya, a raba wa masu amfani bayanan gwaji, a sanar da ranar sauyi tun da wuri. Dubi Amurka. Bayan guguwar Sandy ta 2012, wadda injin Turai ya riga nasu hango inda za ta karkata, sun sha gori, suka tashi gyara. Sabon GFS ɗinsu an so kunna shi a Maris na 2019, sai masu gwaji suka lura yana zuzuta sanyi da dusar ƙanƙara. Aka dakata, aka gyara, sai watan Yuni ya fara aiki. Ba su ji kunyar jinkirin ba.

Me ya sa ake wannan taka-tsantsan? Ɗan kasuwa zai fi kowa ganewa. Idan ka san sikelinka yana rage rabin kilo, kullum kana cikawa da hannu. Ran da yaronka ya kawo sabon sikeli mai gaskiya bai gaya maka ba, kai ka ci gaba da ƙari, to asara kake tafkawa kana murmushi. Haka masu hasashe suke. Kowane inji yana da halinsa: wani yana yawan yayyafi inda babu, wani yana saurin kawo hadari da rana alhali da dare zai sauka. Ma'aikaci ya saba da halin, yana gyarawa. Idan an sauya injin, sai shi ma ya sake koyo, haka masu lissafin ambaliya da masu kula da tashin jirage.

Sannan ga matsalar da ta fi ta kowa a yankinmu. Ruwan Afirka ta Yamma yawanci hadari ne da ke haɗuwa cikin 'yan sa'o'i, ya taso daga gabas da iska, ya zubar ya wuce. Irin wannan hadarin yana ba manyan injinan wahala, ko da ma'aunin kilomita 9 ne, shi ya sa za ka ga an sheƙa ruwa a Ikorodu, Alaba kuwa ko ɗigo. Ƙari a kan haka, inji da abin da aka ba shi yake aiki. Tauraron ɗan'adam yana taimakawa, amma tashoshin awo na ƙasa da balan-balan ɗin da ake saki sama don auna iska da zafi sun yi ƙaranci ƙwarai a Afirka. Ita ma ƙirƙirarriyar basirar da ake ta yi wa kirari daga tarihin awo ta koya, tarihin namu kuwa da giɓi.

Wani zai ce, malam, ina ruwan mai tumatir da wannan dogon turanci? Ai shi ne ma mai ruwa da tsaki. A Oktoban 2022 ambaliya ta datse hanyar Lokoja zuwa Abuja, tireloli suka yi kwanaki a jere a titi. A ƙarshen Mayun 2025 ruwa ya auka wa Mokwa, ya ci rayuka sama da 150, ya lalata hanyar da kayan arewa ke bi zuwa ƙasar Yarbawa. Mai shanu zai iya jure jinkirin kwana biyu da ƙyar. Mai kwandunan tumatir da tattasai da ke jiran mota a Mile 12, shi kam jarinsa ne ke ruɓewa a hanya.

A gaskiya NiMet tana ƙoƙari. Tana fitar da hasashen damina duk farkon shekara, har da fassarar Hausa, ita ma NIHSA tana fitar da nata na ambaliya. Sai dai hasashen shekara ba shi ne ke gaya wa direba ya tashi daga Zariya yau ko ya bari sai jibi ba. A ganina, tunda bayanan Turai sun zama a buɗe, uzurin tsada ya ragu. Abin da ya rage shi ne NiMet ta riƙa gwada kowane sabon inji da ruwan da ya sauka a tashoshinta, ta faɗa wa jama'a a fili wanne ya fi dacewa a Legas, wanne a Fatakwal, kuma ta sanar idan ta sauya abin da take dogara da shi.

Mu ma da namu aikin. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa 2027 a matsayin shekarar da take son gargaɗin gaggawa ya isa ga kowane mutum a duniya. Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan gwari, na shanu da na direbobi, ranku ya daɗe, kuna da zaurukan WhatsApp da ake sanar da farashin kwando kullum da asuba. Ku nemi NiMet ta riƙa turo muku hasashen kwana uku na hanyar Jebba da ta Lokoja, da murya, cikin Hausa, a saka shi a zauren tare da farashin.