Hoto ya fito, muryar Hajiya fa?

Makon nan ba zancen zazzaɓin yara zan yi ba, ki yi min uzuri.

A hutun da na samu bayan aikin dare, na zauna gyara akwatin Mama, sai na ci karo da kaset ɗin bidiyon sunan ƙanina na 1998. A ciki akwai kakarmu, Allah Ya jiƙanta, tana sa wa jariri albarka. Na kai wani shago aka juye min a faifan DVD. Da daddare muka taru muka kunna. Hoto tas, ga Hajiya da mayafinta, bakinta na motsi, amma ban da gunji babu abin da ke fita. Mama ta tashi ta shige ɗaki.

Rabin laifin nawa ne. A shagon hoto kawai na leƙa na biya, ni da kullum nake kasa kunne a ƙirjin marasa lafiya.

Ga abin da na gano daga baya. Kaset ɗin VHS yana ajiye sauti a siririn layi a gefen zarensa, wasu kuma suna da na biyu mai inganci, Hi-Fi, wanda ke ƙarƙashin hoton. Idan zaren bai zauna daidai a kan na'ura ba, Hi-Fi ɗin yakan yi ƙarar-ƙarar ko ya ɗauke, alhali hoto na nan lafiya. Akwai maɓallin daidaita shi, akwai kuma wurin zaɓar layin gefe. Ki sa mai shago ya gwada duka biyun kina tsaye.

Ki duba wayoyi ma. Mai ruwan ɗorawa ta hoto ce, fara da ja na sauti. Tsohuwar na'ura mai ramin sauti ɗaya takan sa murya ta fito ta kunne guda, don haka ki tafi da iyafis. Kada ki bari a ƙure ƙarar wajen juyewa wai don a ji sosai. Muryar da ta fashe a faifai ba ta gyaruwa. Kuma ki tura zuwa ƙarshe ki ga ko magana na tafiya tare da motsin baki, don can ne suke rabuwa.

Faifai ɗaya awa 2 yake ɗauka da kyau. In aka ce za a cusa miki kamu da ɗaurin aure da kai amarya, awa 6, a guda ɗaya, ki ƙara kuɗin faifai.

In kin ga farin hunhuna a jikin zaren, kada ki kunna, sai an goge. Kada kuma ki yi ta jinkiri: tun 2016 kamfanin Funai, na ƙarshe da ke ƙera na'urar, ya daina. Ki karɓi kwafi a filash, faifai ma yana karcewa.

Allah Ya taimake ni ban yar da kaset ɗin ba. Na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo, ya goge kan na'urarsa, ya koma layin gefe. Da ɗan shuu a ciki, amma mun ji Hajiya sarai tana cewa Allah Ya raya. Sau uku Mama ta sa aka maimaita wurin.