Sarauniyar Lugu da Bakin Aro

Wata al'ada tana neman zama doka a wasu makarantun sakandare na Madawa da Buza da Keita: idan aka zo kan littafin Sarraounia, sai a tara ɗalibai gaban akwatin talabijin, a kunna musu fim, a ce an gama darasi. Hujjar ita ce littattafai sun yi ƙaranci, yara kuma ba su son karatu. Ƙarancin gaskiya ne, amma wannan magani ya fi cutar muni.

Abdullahi Mamani ya fitar da littafin a 1980, bisa tarihin Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899. Wata guda bayan haka rundunar ta yi wa Birnin Ƙwanni kisan kiyashi, garin da ɗan Madawa ke isa idan ya bi ta Galmi. Ashe labarin na gida ne, kakanni sun ji ƙaurin hayaƙinsa.

Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da shi fim a 1986, shekara ta zagayo ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu. Babu mai ja da gwanintarsa, Mamani da kansa ma ya sa hannu wajen tsara labarin. Sai dai ba a Nijar aka ɗauki fim ɗin ba, a Burkina Faso ne. Ai Keita, wadda ta fito a matsayin Sarauniya, ta yi rawar gani, amma harsunan fim ɗin Julanci ne da Fulatanci da Faransanci. Sarauniyar Azna ta buɗe baki, jikokinta na bin fassara a gindin allo!

Wani zai ce ai littafin ma da Faransanci yake. Haka ne, amma akwai bambanci. Takarda ba ta da fuska, ba ta da murya. Yaron Buza da ke karantawa, shi ke gina Lugu a zuciyarsa da duwatsun Adar da ya saba hawa. Yarinyar Keita ita ke ara wa Sarauniya muryar kakarta, ta ji Dawa, wanda ya raine ta, yana magana kamar tsohon unguwarsu. Fim kuwa ya riga ya zaɓa musu fuska da ƙasa da harshe, ba ya barin gurbi. Littafi na sa yaro aiki, hoto na sa shi zama.

Akwai wani haɗari kuma. Littafin ƙagaggen labari ne, Mamani ya faɗaɗa abin da baka ta adana. Mai karatu na iya tsayawa ya tambayi malami inda tarihi ya ƙare, inda alƙalami ya soma. Mai kallo ko, abin da ido ya gani ya zama shaida.

Saboda haka tsari ya kamata ya sauya. Ko kwafi ɗaya ne a aji, a karanta shi da babbar murya, babi bayan babi. A sa ɗalibai su sake ba da shi da Hausarsu, su je gida su tambayi tsofaffi abin da suka ji game da Ƙwanni. Bayan nan a kunna fim, su zauna a matsayin alƙalai. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ɗalibin da aka hana wa gudun, an hana shi naman.