Kwamfuta Ba Ta Son Katifa



A bazarar bara, ɗan ƙanwata da ke Kajiji ya kira ni a waya, muryarsa na rawa. Yana shekarar ƙarshe a jami'a, ya zo gida hutu yana rubuta kundin bincikensa, sai kwamfutarsa ta tsiri wani hali. Ya kunna, ta yi minti ashirin, fanka ta kama huci kamar jakin da ya hau tudu da kaya, sai ɗif, ta mutu. Ya ce: "Kawu, wagga kwamfuta bairos ya cinye ta."

Ya rungumo ta ya shiga mota, ya bi ta Shagari, ya wuce Bodinga, muka haɗu a shagon wani mai gyara a cikin Sakkwato. Mutumin bai ko kunna ta ba. Ya kifa ta, ya kwance sukurori, ya ɗaga murfin, ya sa ɗan tsinke ya zaro wani abu daga bakin fanka. Ƙura ce ta dunƙule da zaren bargo, ta yi kauri kamar curin auduga. Ya share da tsohon buroshin goge baki, ya kankare busasshen man da ke kan ƙwaƙwalwar na'urar, ya shafa sabo. Sannan ya dubi yaron ya ce: "A ina kake ɗora ta?" Yaro ya ce: "Kan katifa." Mai gyara ya yi dariya, ya karɓi kuɗinsa. Kuɗin motar zuwa da komawa ya fi kuɗin gyaran.

Mu a nan, duk cutar da ta kama kwamfuta sai mu ce bairos, kamar yadda duk zazzaɓi muke kiransa shawara. Alhali manyan abokan gabarta uku ne, kuma dukansu muna kwana da su: ƙura, zafi, da wutar lantarki.

Ƙwaƙwalwar kwamfuta tana zafi idan tana aiki. Fanka ce ke jawo iska ta ƙananan ramukan da ke ƙasa, ta fitar da zafin ta gefe. Idan zafin ya kusanci digiri 100, na'urar kan rage gudu, in abin ya ƙi sai ta kashe kanta don kada ta ƙone. To ka duba ƙasarmu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo ya cika mata ciki da ƙura. Kafin ta farfaɗo, Maris da Afrilu sun shigo, zafi ya haura digiri 40 a inuwa, ballantana ɗakin kwano da azahar. Iskar da take shaƙa ma mai zafi ce. Sannan ka ɗauke ta ka danna a katifa ko filo, ka toshe mata hanci. Me kake so ta yi?

Maganin bai kai farashin katin waya ba. Tebur, ko faranti, ko faifan katako. Ka sa murfin kwalba biyu a ƙarƙashinta ta baya don iska ta ratsa. In ka gama aiki, ka bar ta ta huce, ka sa a jaka. Bayan kowane hunturu a buɗe a share. Wanda bai saba kwance ta ba, kada ya koya a kan tasa, domin wayoyin ciki sirara ne kamar gashi.

Sai wuta. Kayanmu an yi su ne don wuta mai ƙarfin 230, amma kowa ya san yadda take zuwa: yau ta yi ƙasa har ƙwai ya yi ja, gobe ta dawo da ƙarfi. Lokacin da aka kawo ta ɗin nan, da yara ke ihu, shi ne mafi haɗari. In an ɗauke, cire caja daga bango. In an kawo, dakata kaɗan. Haka janareto: a tayar da shi ya daidaita kafin a jona, a cire kafin a kashe. Mai kwamfutar tebur kuwa, na'urar daidaita wuta ba ado ba ce a gare shi. Kuma ina roƙo, a daina aron caja don kawai bakinta ya shiga. A bayan kowace caja an rubuta ƙarfinta; a gwada da na asali.

Batir shi ma zafi ne ajalinsa. In ka ga madannai sun ɗaga, ko murfin ƙasa ya kumbura, batir ne ya yi ciki. Kada a danna, kada a huda, yana iya kamawa da wuta. A canja shi.

Ba na cewa babu bairos. Akwai, kuma yawanci a fulashi yake hawowa. Ka kai takarda shagon buga takardu, ka dawo gida ka tarar fayilolinka sun koma 'yan gumaka masu kibiya. Galibi ba su ɓace ba, ɓoye su aka yi, kada ka yi saurin goge fulashin. Gara ma ka tura takardar ta imel ko WhatsApp. Masu Windows 10 kuma su sani kamfanin Microsoft ya dakatar da sabunta tsaronta na yau da kullum tun 14 ga Oktoban 2025, kuma da yawa daga kwamfutocin gwanjo da muke saye ba za su ɗauki Windows 11 ba. Wanda ke shiga asusun banki da irinsu, ya yi hattara.

In ta daskare, kafin ka nemi mota, danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka rufe manhajar da ta maƙale. In ta ƙi, riƙe maɓallin kunnawa daƙiƙa goma. In shayi ya zube mata, kashe nan take, cire caja, kifa ta, kada ka kunna "don ka gani". Binne ta cikin shinkafa ɓata shinkafa ne kawai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a ranar nan ba ƙurar ba ce. A hanyarmu ta zuwa tasha na tambayi yaron: wannan aikin na wata bakwai, a ina kuma ka ajiye shi? Ya yi shiru. Babu a fulashi, babu a imel, babu a waya. Ga Google na ba kowane mai adireshin Gmail wurin ajiya na gigabait 15 kyauta, kundinsa kuwa bai kai girman bidiyon biki guda ba. Ban bar shi ya shiga mota ba sai da muka zauna a benci, ya jona wayarsa, ya tura wa kansa babi huɗun da ya rubuta.