Likitan Dankali: A Fara Sanin Cutar Kafin a Nemi Magani

Sanin kowa ne cewa mafi yawan dankalin Turawa da ake ci a Nijeriya daga Jihar Filato yake fitowa, musamman daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi. Sanyi da laimar da suka sa dankali ke yi a wannan tudu, su ne kuma suke raya cututtukansa. Idan ganye ya fara baƙi ko shuka ta yi yaushi, abin da manomi ya saba yi shi ne ya ruga kasuwa ya sayo maganin feshi. Nan ne kuskuren yake, domin cututtukan dankali suna da yawa, suna kama da juna a ido, amma maganinsu ya sha bamban. Bambance su shi ne aikin masanin cututtukan tsirrai, kuma wajibi ne hukuma ta riƙe wannan aiki da hannu biyu.

Tarihi ya isa shaida. A shekarar 1845 wata cuta ta auka wa gonakin dankali a ƙasar Ailan, inda talakawa suka dogara kacokan a kansa. Zuwa 1852 kimanin mutum miliyan ɗaya sun mutu saboda yunwa da cututtukan da suka biyo ta, fiye da miliyan ɗaya kuma suka yi ƙaura. A lokacin, masana da dama sun ɗora laifin a kan yanayi, suna ganin farar funfunar da ke kan ganye ta zo ne bayan shuka ta ruɓe. Sai a 1861 wani Bajamushe, Anton de Bary, ya tabbatar da cewa wannan halitta ita ce sanadin cutar. Daga baya ya raɗa mata sunan da ake kiranta da shi har yau, wato Phytophthora infestans. Cutar da take haddasawa, ta ƙonewar ganye, ita ce ta yi wa manoman Filato mummunar ɓarna a daminar 2022.

To, yaya masani yake gudanar da aikinsa? Idan malamin gona ya kawo samfur ɗakin gwaje-gwaje, tambayoyi ake fara yi: daga ina aka samo irin, me aka shuka a gonar bara, kwana nawa aka yi ana ruwa. Daga nan sai a duba ganyen. Tabo mai zobe-zobe a cikinsa alama ce ta wata funfuna mai suna Alternaria. Tabo baƙi mai kama da jiƙon ruwa kuwa yana nuni ga Phytophthora. Don a tabbatar, sai a sa ganyen cikin kwano mai laima a rufe ya kwana. Da safe, idan farin gashi ya tsiro a bayansa, sai a ɗora shi a na'urar ƙara girman ƙananan halittu, a ga 'yan jakunkunan irin cutar masu siffar lemun tsami. Wannan bambanci yana da amfani ga aljihun manomi, domin maganin metalaksil yana aiki a kan Phytophthora, amma ba ya taɓa Alternaria.

Shukar da ta yi yaushi alhali ƙasa na da danshi tana da nata gwajin, wanda ɗalibi ma zai iya yi a makaranta. A yanke karan daga gindi, a rataya shi cikin kofin gilashi mai ruwa garau. Idan cikin 'yan mintoci aka ga farin zare kamar madara yana sauka daga yankan, to bakteriyar Ralstonia ce ta toshe jijiyoyin ruwan shukar. Babu feshin da ke warkar da ita. Abin yi shi ne a tuge shukar da ta kamu, a sauya gonar da masara ko wani hatsi na 'yan shekaru, a guji tumatir da barkono da gauta tunda su ma tana kama su. Haka nan cututtukan bairos, waɗanda darɓa ke yaɗawa, ba su jin feshin funfuna. Suna bin iri ne, amfanin gona yana raguwa shekara bayan shekara, kuma da gwajin ELISA ko na PCR ake tabbatar da su.

Wani zai ce ai tsohon manomi ya san gonarsa, ga kuma manhajojin waya da ke gane cuta daga hoto. Duka biyun suna da amfani, amma iyakarsu abin da ido ya gani. A wuri mai sanyi, Ralstonia tana iya ɓuya cikin dankali lafiyayye a ido, sai an kai irin wuri mai ɗumi ta bayyana, ta kuma zauna a ƙasar gonar. Ɗakin gwaje-gwaje ne kaɗai ke iya kama irin wannan.

Dalilin da ya sa aikin ya dace da hukuma a fili yake. Mai sayar da magani riba yake nema, da wuya ya ce wa manomi kada ya saya. Ma'aikacin gwamnati kuwa ba shi da kayan da zai tallata. Bugu da ƙari, tantance iri, da binciken wanda ake shigowa da shi daga waje, da ajiye bayanan cututtuka na shekaru, ayyuka ne da ba su kawo kuɗi nan take. Tashar binciken dankali ta Kuru kusa da Jos, wadda take ƙarƙashin Cibiyar Binciken Amfanin Gona Masu Saiwa ta Umudike, ta cancanci wutar lantarki tsayayya da kayan aiki da motar zagaya ƙauyuka, ta yadda sakamako zai riski manomi cikin kwanaki. Cutar ƙonewar ganye tana iya cinye gona cikin mako biyu, don haka sakamakon da ya makara bai da amfani.

Daga ƙarshe, ya kamata ɗalibin da ke son ilimin halittu ya sani cewa asibitin mutane ba shi kaɗai ne wurin likita ba. Malamai kuma suna iya buɗe wa ɗalibansu wannan ƙofa tun daga aji, da kofin ruwa da karan dankali ko na tumatir da ya yi yaushi.