Kafin ki sayi na'urar tatsar nono, ki fara tunanin inda nonon zai zauna

Tallan na'urar tatsar nono ya cika Instagram da TikTok: wadda ake sawa cikin rigar mama, mai Bluetooth, mai manhajar da ke ƙirga miki abin da kika tatsa. Ni aikina ke nan rubuta manhaja, amma a ganina ita ce abu na ƙarshe da ya kamata mace mai shayarwa a Kano ta biya kuɗi a kai.

Ɗauki ma'aikaciyar jinya a Asibitin Malam Aminu Kano, ko mai aiki a wani banki kan titin Zariya, wadda ta bar jariri a gida a Tarauni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nonon uwa zalla har wata 6, alhali hutun haihuwa a dokar ƙwadago ta Najeriya mako 12 ne. Dokar ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana lokacin aiki, don haka lokacin tatsa akwai shi. Matsalar tana farawa ne bayan an tatsa.

Ƙa'idar da za ki gani a intanet, ta hukumar CDC ta Amurka, ta ce nono yana kai awa 4 a ɗaki, kwana 4 a firji. Amma ɗakin da suke nufi zafinsa bai wuce digiri 25 ba. A watan Afrilu zafin Kano kan haura 40. Firjin kuma suna nufin wanda ba a ɗauke masa wuta, kuma kowa a Gyadi-Gyadi ya san yadda wuta take. Shi ya sa nake ganin ƙaramar kula da robobin ƙanƙara sun fi Bluetooth amfani nesa ba kusa ba. Nono a cikin kula mai ƙanƙara yana iya kai awa 24. Ki rubuta rana da lokaci a jikin kowace kwalba. Wanda ya daskare ya narke ba a sake daskarar da shi, wanda jariri ya sha ya rage kuma a zubar bayan awa 2.

Game da na'urar kanta, ki nemi mai batir da ke caji da USB-C, don cajar wayarki ko fawa bank su wadatar. Ki kuma ajiye ta hannu a jaka, ko ki sa ma'aikatan jinya su nuna miki tatsa da hannu, wadda ba ta neman caji.

Masu talla suna yawan alfahari da ƙarfin zuƙa, kamar yadda masu waya ke alfahari da megafiksel. Ƙarfi ba shi ke kawo nono ba. Idan kina jin zafi, ki rage, sannan ki duba mazurarin da ke zama a kan nono. Yawanci mai milimita 24 ake sakowa a kwali, kuma ba kowace mace yake yi wa daidai ba.

Ta gwanjo ko ta aro kuwa, a yi hattara. Wasu na'urorin ba su da shingen da ke hana nono shiga tiyo har cikin inji, inda ba ya wankuwa. Maigida ko ɗan'uwan da aka aika sayayya ya tambayi mai shago wannan kafin ya tura kuɗi, ya kuma tambaya ko ana samun robobin canji a nan Kano.