Wasiƙa Zuwa Ga Masu Gwajin Gigin Tsufa A Ƙasar Siri Lanka

Ya ku likitoci da ma'aikatan jinya,

Dalilin wannan takarda shi ne in yi muku nasiha a kan mizanin da kuke auna hankalin dattawan Sinhala da shi, domin kuwa ƙidayar 2012 ta nuna wajen mutum 12 cikin 100 na tsibirinku sun kai shekara 60, sa'an nan adadin sai ƙaruwa yake yi.

Jarrabawar auna hankali mai maki 30 da Folstein da abokansa suka wallafa a 1975, da Turanci aka tsara ta, domin mutanen Amurka. Shi ya sa de Silva da Gunatilake, sa'ad da suka mayar da ita Sinhala suka gwada a garin Ragama, suka bayyana a 2002 cewa haddin da ya dace shi ne maki 17, alhali kuwa a ƙasashen Turai 24 aka saba. Wanda ya manta da wannan bambanci, lalle zai yanke wa tsohuwa mai cikakken hankali hukuncin gigi, ba don wata illa ba sai don ba ta zauna a aji ba.

Ku tuna harshenku kashi biyu ne, na rubutu daban, na baka daban, kuma manomin da ya ƙare rayuwarsa a fadamar shinkafa, idan aka tambaye shi da lafazin littafi, shiru zai yi don kunya, ku kuwa ku rubuta mantuwa. Haka kwanan wata: in ya kasa faɗar na Bature, ku tambaye shi yaushe Poya ta wuce, ranar cikar wata da ake zuwa haikali, ko saura kwana nawa bikin Wesak. Wanda ya amsa daidai, zamani bai ɓace masa ba.

Kafin ku ambaci sunan cutar, ku duba jin dattijon da ganinsa, da makoko, da ƙarancin sinadarin B12, da baƙin cikin da kan danne wanda 'ya'yansa suka tafi ci-rani ƙasashen Larabawa, gama duk waɗannan suna da magani. Sa'an nan ku keɓe 'yarsa ko surukarsa, ba a gabansa ba, ku tambaye ta yadda yake yau in an kwatanta da shekara 10 da suka wuce: ko har yanzu yana gane kuɗi a kasuwa, ko ya taɓa barin tukunya a kan wuta, ko ya taɓa ɓata tsakanin gida da haikali.

Na bar ku lafiya.